Tsamiya a Cikin Gwangwanin Tumatir

Ranar Juma'a ce, ita ce kuma rana ta ƙarshe ta kai dosiyen shiga makarantar kwana a Konni. Malaminmu na lakwal ya ja mini kunne cewa buron, wato ofishin da ake karɓar takardun, yana rufewa kafin a tafi masallaci, wanda ya makara sai baɗi. Inna ta naɗe takardun a leda biyu, ta damƙa ni hannun ƙaninta, Kawu, wanda yake jigilar mutane tsakanin Tajaye da Konni da tsohuwar motarsa.

Da yake ni ce ƙarama, aka matsa ni gaba, tsakanin Kawu da wata tsohuwa mai kai kayan miya kasuwa. Ba ni da yawan magana a gaban manya, don haka na sa ido a kan allon da ke gaban direba. Kawu ya ta da mota ya fita ɗaure buhuna. Fitilun allon suka kama gaba ɗaya suka mutu, ban da wata 'yar ja mai zanen sanda tsaye cikin ruwa. Ita ta ci gaba da ci, har muka faɗa ramin da ke bakin tasha, sannan ta ɗauke.

Ba mu yi nisa a kan kwalta ba ta dawo. A lokacin ne Kawu ya gan ta. Ya yi salati a hankali, ya gangara gefe ya kashe mota.

"Ruwan inji ne," ya ce wa mutanen baya. "Ku yi haƙuri ta huce."

Wani ya ce ya liƙa mata takarda kawai, haka direbobi ke yi. Kawu bai ko waiwaya ba. Ya taɓa ƙona inji a shekarar da ya fara tuƙi saboda ya raina irin wannan fitila, tun daga nan ba ya wasa da ita. Ba ya kuma buɗe murfin ruwa da zafi. Muka zauna ƙarƙashin wata bagaruwa ina kallon inuwa tana gajarta. Da injin ya huce, ya ɗauko bidon, jarkar ruwan rijiyarmu, ya tsiyaya a cikin gorar roba da ke gefen lagireto. Ko cikin moɗa ɗaya bai shiga ba gorar ta tumbatsa.

Sau biyu muka yi haka kafin Tsarnawa. Ledar takarduna ta jiƙe da gumin hannuna.

A mararrabar Tsarnawa Kawu ya tsaya wurin wani makaniki mai furfura a gemu. Ya taɓa nan, ya matsa can, ya ce wataƙila famfon ruwa ne, sai an kwance an gani, aikin zai kai la'asar. Sauran fasinjoji suka fara sauke kayansu. Motocin da ke wucewa Konni kuma duk a cike, kuma na san Kawu ba zai sa ni motar wanda bai sani ba, Inna ta hana.

Ban san bakina yana motsi ba sai da tsohuwar ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke ɗiya, tun Tajaye kike tauna magana kamar goro. Tofar da ita mu gani."

Na sunkuyar da kai na raɗa mata. Ita kuwa ta ɗaga murya. "Malam mai gyara, zo ka ji. Jikata ta fi ku ido."

Haka na tsaya gaban maza biyu, idona a kan yatsun ƙafata, na faɗa. Na ce fitilar ta kama tun da safe, mota ba ta ko motsa ba, injin da sanyinsa. Na ce duk sanda muka faɗa rami takan mutu, ta dawo daga baya. Na ce allurar da ke nuna zafi ba ta taɓa wuce tsakiya ba.

Makanikin ya dubi Kawu. "Kai kana kallon hanya, ita tana kallon mota. Wane ruwa kake zuba mata?"

"Na rijiyarmu. Shi muke sha, mota ta fi mu ne?"

Makanikin ya kwance wani abu daga saman gorar ya zaro shi. Siririyar sanda ce da wata 'yar roba zagaye a jikinta, duk sun yi fari fat da ɓawo. Ya nuna mini, ni, ba Kawu ba. Ya ce robar kamar ƙoƙo take a cikin randa: ruwa ya cika ta taso, ya ragu ta sauka ta kunna fitila. To farar ƙasar ruwan rijiya ta liƙe ta a ƙasa, shi ya sa take kukan ƙishirwa alhali tana cikin ruwa. Ya gwada ta da farce, ta ƙi motsi, ya ce in ya matsa za ta karye.

Na san wannan ɓawon. Shi ne yake taruwa a gindin butar shayin Baba, Inna kuma ba ta kankare shi. Wannan karon ba a zungure ni ba.

"Inna da tsamiya take jiƙa shi, cikin ruwan zafi."

Tsohuwar ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta kwance bakin buhunta ta ɓaro curin tsamiya. Mai shayin da ke gefe ya ba mu tafasasshen ruwa a gwangwanin tumatir, aka jiƙa tsamiyar aka tsoma sandar a ciki. Muka zagaye gwangwanin mu huɗu kamar masu jiran magani, makanikin yana juya abin yana goga shi da tsinke. Can sai robar ta zame sama, ta dawo ƙasa da kanta.

Ya mayar, Kawu ya ta da mota. Fitilun suka kama, suka mutu duka. Ya bar injin yana aiki, makanikin na dafe da tiyo yana kallon allura, sai da ya gamsu sannan ya rufe murfi. Ya ce wa Kawu ya dawo a wanke masa lagireto, in kuma ba zai sa ruwan da aka yi don inji ba, ya tari na sama da damina ya ajiye.

Mun iso buron ma'aikacin yana naɗe hannun riga zai yi alwala. Ya dubi ledata, ya dubi Kawu da baƙin mai har gwiwar hannu, ya koma ya zauna ya buga hatimi.

Ban sake ganin tsohuwar ba. A bakin kasuwa ta sauka, ta tura mini sauran tsamiyar a cinya ta ce in kai wa Inna. Ko na gode ban iya faɗa da ƙarfi ba, kuma har yau abin yana damuna. Makanikin kam ina gaishe shi duk hutu in mun biyo ta Tsarnawa. Kawu bai taɓa ta da zancen ba, amma tun daga ranar, ko mota ta cika, wurin nan na tsakiya nawa ne, kuma in ya ta da inji zai fita ɗaure kaya yakan ce, "Ɗiyata, duba mini allon."