Goshin da Mai Fenti Ya Bari

Duk unguwar babu katangar da hannun Mai Fenti bai taɓa ba. Tun yana saurayi ƙa'idarsa ɗaya ce: ba a barin ko kusurwa ba fenti, in an yi kuskure kuma a jira ya bushe a sake shafawa. Da ciwon gwiwa ya hana shi hawa tsani, sai ya koma zaman falo yana juya hannuwansa. Abin da ke cin ransa shi ne kada a ce hannun nan ya gama aiki.

Autarsa ce ta kawo masa ɗan akwatin kalar ruwa, da siririn buroshi, da takardun zane, da hoton wani tsohon zane: mace zaune tana ɗinki, haske ya sauka a goshinta.

"Baba, kwaikwayi wannan. Amma ruwa ya fi kala yawa, ka ji?"

"Ni za ki koya wa fenti? Ja can!"

Ya dama kala da kauri kamar zai shafe gareji. Mai ɗinkin ta fito kamar an tsamo ta daga laka. Ya ƙara shafi na biyu, takardar ta jiƙe ta huje daidai hanci.

"Malam, me baiwar Allah nan ta yi maka?" in ji matarsa, tana dariya har da riƙe ciki.

Shi ma dariyar ya yi, ya jawo wata takardar. A hankali ya koyi farawa da launi mai haske, ya tsane buroshi a tsumma, ya ƙyale ruwa ya kai kalar inda ya ga dama. Riga ta yi, yatsu suka yi. Goshin ne ya gagara. Auta ta ce ai hasken nan farin takarda ne, bari ake yi kawai.

"A bar wuri ba fenti? Ni?"

Ya yarda da baki, amma kullum hannun da kansa yake zuwa ya cike gurbin.

Wata safiya buroshi ya doshi goshin, sai matarsa ta cafke masa wuyan hannu.

"Ajiye, Malam."

"Saura nan fa."

"Na ce ajiye!"

Suka zauna har takardar ta bushe. Sai ga fuska tana haske, kamar za ta ɗago ta gaishe su. Mai Fenti ya daɗe yana kallo, bakinsa har kunne.

"Ashe da sauranmu," ya ce. "Jawo kujera ki zauna, ke ce ta gaba da zan zana."

"Da wannan ɗankwalin? Tsaya in canza!"