Daɓen Kirya a Ɗakin Surukina

Ni kafintan gefen hanya ne a Karaye, benci da ƙofa da tagar shago, amma in na buɗe baki sai ka rantse ni na kafa rufin duk masallatan Kano. Bakin nan ne ya ja mini abin kunya a Rogo Sabon Gari, gidan surukina.

Tsohon yana fama da gwiwa, ya ce sanyin siminti ne ke shigar masa ƙashi. Na je dubiya, ina durƙushe a zaure kaina a ƙasa, sai kawai na ji bakina ya ce, "Baba, katako za a shimfiɗa a ɗakin. Ni zan yi." Shekara goma sha tara ina auren 'yarsa, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ina so ko sau ɗaya ya kalle ni a matsayin mai sana'a, ba mai ba mutane dariya a gidan suna ba.

Akwai wata kirya da iska ta kayar a gonarmu ta Kwanyawa, ta daɗe da bushewa. Na sa aka tsaga ta da inji. Kirya kuwa dutse ce da ta yi ganye. Ƙusa in ta gan ta sai ta yi ruku'u, dole na riƙa hudawa kafin in buga. Sannan guga da takardar samfefa: mai kaushi, sai mai laushi, kwana tara ina rarrafe. Jan garin katakon ya cika mini hanci, in na yi atishawa sai bango ya canza launi. Daɓen ya yi sumul kamar kumatun jariri.

Saura abin shafawa. Man ƙyalli na gwangwani sai an je Kano, ni kuma na ce wahalar banza ce. Ba man gyaɗa muke shafa wa ƙotar fartanya ba? Surukata ta aiko mini da kwalba uku, na malala duka. Sauran itatuwa suna shan mai. Kirya ba ta sha, balle wadda na goge har ta toshe.

Washegari maiɗakina ta dangwala yatsa ta nuna mini. "Malam, wannan fa bai sha ba."

"Ƙyalli ke nan, ke me kika sani a katako?"

Na ga yatsan nata yana naso. Na gani sarai. Amma tsohon ya riga ya kira abokansa su zo kallo da la'asar, na kasa cewa a dakata.

Da suka zo, tsohon ya yi alwala, ya shigo da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ya taka buzun sallarsa da aka shimfiɗa a bakin ƙofa. Buzun ya ɗauke shi daga bakin ƙofa har bango. Hula ta yi gabas, carbi ya yi yamma, riga ta rufe masa fuska. Dattawa huɗu suna tsaye, babu wanda ya yi ko murmushi. Da sun yi dariya da na ji sauƙi. Ni na ɗaga shi, ina jin yadda yake danne nishi don kada in ji.

Allah ya tsare, babu karaya, amma ƙugu ya kumbura, mako biyu yana salla a zaune. Na koma da toka da ruwan zafi ina wanke man, sannan na bi da samfefa mai kaushi ina ɓata sumul ɗin da na yi kwana tara ina nema. Matan gidan in za su wuce sai su ce, "Sannu da aiki," su ƙara sauri.

Ran da ya iya miƙewa, ya dogara sanda ya zo bakin ɗakin.

"Kafinta."

"Na'am, Baba."

"Ba ni hannunka."

Ya damƙe mini wuyan hannu, ya shiga yana gwada kowane katako da dunduniya, ɗaya bayan ɗaya, har kusurwa. Ya daɗe a tsaye.

"Akwai ɗumi," ya ce. "A dawo mini da shimfiɗata."

Na fita ɗauko masa, ban yarda na haɗa ido da kowa a tsakar gidan ba.