Hidde Algra da Filin Bayan Coci

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Hidde Algra ranar Asabar, 14 ga Maris, 1936, a ƙauyen Marwier da ke lardin Friesland na ƙasar Holan. Shi ne na uku cikin 'ya'ya biyar na Foppe Algra, mai kiwon shanun madara a kan filin haya, da matarsa Aukje. Gidansu ba su taɓa mallakar ko taku ɗaya na ƙasar da suke takawa ba. Duk bayan shekara shida wani mutum mai doguwar kwat yakan zo da ƙarfen haƙa, ya zagaya filin, ya murza ƙasa a tafinsa, sannan ya faɗi hayar da za a riƙa biya. Hidde ya lura cewa mahaifinsa, wanda ba ya cire wa kowa hula, yana cire wa wannan mutum, kuma tun daga nan sha'awar aikin ƙiyasi ta shige shi.

Karatu da lasisi

Ya yi firamare a Marwier daga 1942 zuwa 1948, ya wuce makarantar noma, kuma a 1955 ya samu aikin akawu a ofishin wani mai ƙiyasin gidaje da filaye a birnin Leeuwarden. Shekara shida ya yi yana jan igiyar awo, har ya ƙware a hanyoyi ukun da sana'ar ta ginu a kansu: a kwatanta fili da makamantansa da aka sayar kwanan nan, ko a duba hayar da zai iya kawowa, ko kuma, idan gini ne, a lissafa abin da sake gina shi zai ci a cire abin da tsufa ya cinye.

A 1961 ya zauna jarrabawar neman lasisi, yana ji da kansa ƙwarai, ya kuwa faɗi. An ba shi wani fili da ke gindin jingar teku, ya yi masa kuɗi a matsayin filin gidaje. Dattijon da ke jarraba shi ya cire tabarau ya ce, "Lissafinka ba shi da aibu, samari. Sai dai ka gina gida goma sha biyu a inda doka ba ta yarda a kafa ko akurkin kaji ba. Ka duba taswirar tsarin gari kuwa?"

"Ban duba ba, ranka ya daɗe."

"To, ka dawo in ka koyi dubawa."

Kunyar wannan rana ba ta taɓa sakinsa ba. Ya ci jarrabawar a 1963, ya yi rantsuwa gaban alƙali cewa zai riƙa faɗin ƙimar dukiya bisa gaskiya, ba sani ba sabo. Daga ranar ya kafa wa kansa sharaɗi: ba ya taka filin kowa sai ya fara zuwa ofishin gari ya duba taswira, inda kore ke nufin kiwo, ja kuma gine-gine, sannan ya tsaya gaban allon sanarwa ya karanta har sabon tsarin da ba a riga an zartar ba. Abokan aikinsa sukan yi masa tsiya cewa ko tukunyar fure aka ba shi sai ya nemi taswirarta.

Aure

A watan Mayun 1964 ya auri Renske, 'ya ɗaya tilo ta Gerben Talsma, dillalin shanun da ya fi kowa murya a kasuwar Juma'a, wanda a lokacin ya fara sayen filaye. Gerben ne ya buɗe masa ofis a Marwier, shi ne kuma ya turo masa manoman farko. Kowace Lahadi bayan coci iyalin sukan hallara a gidansa shan kofi. An haifa musu Foppe a 1965, da Hiske a 1968.

Filin bayan coci

A watan Oktoban 1972 Gerben ya yi cinikin wani filin kiwo mai kadada huɗu da ke bayan coci, mallakar Minke Roorda, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Sun tafa hannu irin na dillalan shanu a kan gilda ɗaya, kuɗin Holan na lokacin, kowace murabba'in mita, kuma a can tafi ya fi takarda ƙarfi. Amma da yake akwai rabon marayu a filin, doka ta wajabta a kai wa alƙali rahoton mai ƙiyasi da ya yi rantsuwa kafin a sayar. Aka ba Hidde aikin, kowa na ganin sa hannu ne kawai.

Ya je ofishin gari kamar yadda ya saba. A taswira filin kore ne, amma a allon sanarwa an manna sabon tsari kwana huɗu da suka wuce, kuma a cikinsa an shafa wa filin ja. Hidde ya tsaya gaban allon har magatakarda ya tambaye shi ko lafiya. Ya san Minke ba ta taɓa shiga wannan ofis ba, ya kuma san surukinsa ba ya sayen ciyawa don Allah.

Ranar Lahadi Gerben bai jira an zuba kofi ba. "Na ji ka je ofishin gari. Me ka je nema? Ciyawar ta canja launi ne?"

"A takarda ta canja, Baba."

"Takardar da ba a sa wa hannu ba? Mun riga mun tafa da Minke. Kai hatiminka kawai ake so, ba wa'azi ba."

"Akwai marayu a ciki, Baba. Alƙali zai karanta."

"Ji min ɗan masu haya! Kujerar da kake zama a kai ma ni na saya."

Kwana tara ya rage a miƙa rahoton, kuma Hidde ya rubuta shi sau biyu ya yaga. Tsoro ya ji, tsoro na gaske, don abincin gidansa a hannun surukinsa yake. Renske, wadda ke da ciki na uku, ta ce masa, "Ba zan ce ka yi ƙarya ba, Hidde. Amma ka sani uba ɗaya gare ni." A rana ta tara ya rubuta cewa duk mai saye da ya karanta allon zai biya gilda huɗu, ya buga hatimi ya kai da kansa. Alƙali ya ƙi amincewa da cinikin.

A ƙofar coci, gaban jama'a, Gerben ya tare shi ya ce, "Ranar da aka kafa dutse ɗaya a filin nan, ranar zan tako gidanka in ce ka yi gaskiya. Kafin nan ban san ka ba."

Bai tsaya nan ba, ya kai ƙara ƙungiyar masu ƙiyasi cewa Hidde ya kumbura farashi a kan mafarki. A watan Fabrairun 1973 kwamitin ladabtarwa ya zauna, ya yi masa tambayoyi na tsawon sa'a uku, kuma ya sha da ƙyar saboda ya riƙe kwafin sabon tsarin mai ɗauke da hatimin magatakarda da kwanan wata. Lasisinsa ya tsira, amma rabin manomansa suka janye jiki. A watan Afrilu Renske ta haifi namiji, aka raɗa masa Gerben bisa al'adar sa wa ɗa na biyu sunan kakansa na wajen uwa. Mai sunan bai zo ba.

Shekarun jira

Daga nan rayuwar gidan ta rataya a kan dutse ɗaya. A 1975 hukumar lardi ta ƙi zartar da tsarin, bisa hujjar cewa a manyan garuruwa ake son gine-gine, filin ya koma kore. Minke ta rasa mai sayen gilda huɗu, ta kuma rasa na gilda ɗaya, don ba wanda ke son shiga rigimar Talsma. Hidde ya je gidanta da hula a hannu. Ta ba shi kujera, ta zuba masa kofi, sannan ta ce, "Ka rubuta abin da ka gani, ɗan nan, ban ce ka cuce ni ba. Amma abin da ka gani bai saya wa yarana takalmi ba." Wannan magana ta fi ta surukinsa yi masa ciwo.

Shekara takwas Renske tana kai yara gidan mahaifinta ranar Lahadi ita kaɗai, Hidde yana zaune a gida, kuma ba ta taɓa ce masa ya yi daidai ko ya yi kuskure ba. Gerben ya rasu a watan Janairun 1981 ba tare da ya tako gidansu ba. A 1989 aka sake manna wani tsari mai ja, Hidde ya sake sa rai, aka sake soke shi saboda tsuntsayen fadama da ke ƙwai a filin.

Daga 1980 zuwa 2001 ya koyar da masu shirin jarrabawar lasisi a Leeuwarden, kuma darasinsa na farko kullum filin bayan coci ne. Wata ɗaliba ta taɓa tambayarsa, "Malam, da za a maimaita, haka za ka rubuta?" Ya ce, "Mai ƙiyasi ba boka ba ne. Abin da ke manne a allo ranar, shi zan sake rubutawa." Haka yake faɗa a aji, amma abin yana cinsa. Har bayan ya yi ritaya, ranar Litinin ta farkon kowane wata sai an gan shi a kan kekensa ya nufi ofishin gari.

Rasuwa

A 2006 hukumar gari ta sayi filin daga magadan Minke a farashin filin kiwo, domin maƙabartar coci ta kusa cika. Aka share shi, aka kewaye shi da shingen itatuwa, ba a gina komai ba. Hidde da kansa ya karanta sanarwar a allo, ya hau kekensa ya dawo gida.

Ya rasu ranar Lahadi, 9 ga Nuwamba, 2008, bayan gajeriyar jinyar zuciya, yana da shekara saba'in da biyu. Akwai sauran gurbi kusa da iyayensa a tsohuwar maƙabarta, amma Renske ta ce, "A'a, ku kai shi bayan coci." An yi jana'izarsa ranar Juma'a, 14 ga wata, kuma shi ne mutum na farko da aka binne a filin. Ya bar matarsa Renske da 'ya'ya uku: Foppe, likitan dabbobi, Hiske, mai ƙiyasin filaye, da Gerben, malamin makaranta, sai jikoki bakwai.

A watan Afrilun 2009, da ƙasa ta zauna, aka kafa dutsen kabarinsa. Renske ta tsaya har magina suka gama, sannan ta dogara sandarta ta zagaya shinge zuwa tsohuwar maƙabarta, ta tsaya a kan kabarin mahaifinta. Hiske, da ke riƙe da hannunta, ta ji ta ce, "To, Baba, ga dutsen an kafa. Saura kai."