Wutar da Na-Tanderu Ya Kai Gida

Duk wanda ya san Na-Tanderu ya san ba shi da gashin gira. Wuta ce ta lashe shi tun yana saurayi, ya tsiro ta sake lashewa, har gashin ya yi zuciya ya daina fitowa. Shi kuwa ko a jikinsa, cewa yake shaidar aiki ce.

A ramin yumɓu ya fara, zamanin da masana'antar jan bulon nan ta bayan gari take tashe. Ya yi haƙa, ya yi kwaɓi da ƙafa, ya yi dakon ɗanyen bulo zuwa rumfar shanya, har tsohon mai hura wuta ya lura ba ya barci a bakin aiki, ya janyo shi tanderu, inda ake gasa bulon. Wutar wurin kuwa ba a kashe ta. Daga wannan ɗakin tanderu take zagayawa zuwa wancan, ana kwashe gasasshe a baya ana jera ɗanye a gaba, rani da damina. In ta mutu, tayar da ita jan aiki ne, kuma wanda ta mutu a hannunsa sunansa ya ɓaci ke nan. Na-Tanderu ya yi furfura a kanta, bai taɓa bari ta ko yi gyangyaɗi ba.

Sai yumɓun ya ƙare. Wannan rami aka haƙa har aka taɓo dutse, wancan ya yi ta ɓulɓulo da ruwa, ga bulon siminti ya shigo gari kowa ya koma can. Rannan manaja ya tara ma'aikata ya ce an tsayar da aiki na ɗan lokaci. Wani ya saɓi shebur, wani ya tura baro. Gogan naka bokitin ƙarfe ya nema, ya ɗebo garwashi, ya ratsa gari yana tafe hayaƙi na binsa, ya juye a kasko cikin madafin matarsa, Inna. Ya ce tunda na ɗan lokaci ne, ranar buɗewa da wannan wutar za a tayar, kada wanda ya kuskura ya bari ta mutu.

Cikin ɗan lokacin nan ne 'ya'yansu mata suka girma suka yi aure. Ramukan suka zama kududdufai, ɗaya ana wankin babura a bakinsa, ɗaya wani ya zuba kifi, wani kuma aka cike shi da shara aka yi shaguna a kai. Tanderun ma awaki ke shan inuwa a ciki. Amma kullum da safe Na-Tanderu sai ya tona tokar kasko da tsinke, ya ga ja, sannan ya taka bakin kududdufi ya shaida wa masu wankin babura cewa wutar tana nan da ranta. Su ce Allah ya ƙara mata lafiya, ya amsa da amin tsakaninsa da Allah. Murhun gas da surukinsu ya sayo, ƙarƙashin gado ya ƙare. Inna takan ce ta gama renon 'ya'ya, an kawo mata autar da ba ta girma.

Ana nan babbar 'yarsu ta haihu, Inna za ta je ta ɗan kwana biyu. Ta tsaya tana jan ƙafa, tana waiwayen madafi. Ya ce ta kama hanya, a garin nan wa zai koya masa wuta? Tana fita ya cika kasko da gawayi, ya kifa tasa a kai, ya kwaɓa laka ya liƙe gefen tsaf, kamar yadda suke liƙe ƙofar tanderu. Ya manta tanderu yana da bututun hayaƙi, kasko ba shi da shi.

Da safe ya fasa lakar, ya tona har gindin kasko. Sanyi ƙalau. Ya zauna daɓas a ƙasa, tsoho da shi ya yi hawaye. Wallahi abin ya yi masa ciwo: wutar da mace ta riƙe shekara da shekaru, kwana ɗaya ta mutu a hannun mai ita.

Da yunwa ta ishe shi ya shiga laluben abin da zai ci. Can bayan tukwane ya ci karo da gwangwanin madara, ya buɗe, cike da ƙonannun tsinkayen ashana. Bayansa wani, bayan wannan ma wani, na ƙuryar har ya yi tsatsa, sabon kwalin ashana a kansa. Ashe in wutar ta mutu da ashana Inna take tayar da ita, tana ɓoye tsinkayen don ta san kullum yana tona toka. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya zaro tsinke ya ƙyasta.

Ranar da Inna ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta leƙa madafi.

"Malam, yaya wutar?"

"Tana nan da ranta."

Ta dubi kaskon, ta dubi bayan tukwane, ta ɗauki tsintsiya.

"To madalla. Sai dai ka riƙa jefa tsinken a gwangwani, maigidan nan yana tona toka."