Mama Kande da Sauron da Ya Ɓace a Iyakar Igabi

Ƙarfe bakwai da rabi Mama Kande Barnabas take sauka daga keke a Doka, ta shiga cibiyar binciken da ta yi wa aiki shekara ashirin da biyu. Kafin ta sha shayi sai ta kunna manhajar da ke kwaikwayon yadda sauro ke hayayyafa, da yadda yake gadar wa 'ya'yansa ƙwayar halittar da ke sa maganin gidan sauro ya daina kashe shi. Takan saki sauro guda a taswirar kwamfuta, ta kora shi har gefe ta kowace kusurwa, don ta ga abin da zai same shi. Masu manyan digiri na ofishin suna kiran wannan wasan tsohuwa.

Bara tana hutu aka sauya taswira. Ta dawo saura kwana biyu a miƙa rahoton da zai nuna unguwannin da za a raba wa sabon gidan sauro, mai sabon magani. Ta kora sauronta arewa ta unguwar Kawo, hanyar Rigachikun. Ya ɓace. Ta saki goma, ko ɗaya bai dawo ba. Ko mayafi ba ta ɗauka ba ta faɗa ofishin Dakta Abdulmalik, shugaban aikin.

"Dakta, sauron da ya wuce Kawo ina yake zuwa?"

"Haba Mama Kande, jibi fa za mu miƙa. Ki bar wasan nan sai an gama."

"Taso ka gani da idonka."

Ashe iyakar ƙaramar hukuma aka bi wajen zana taswirar. Duk sauron da ya tsallaka zuwa ƙaramar hukumar Igabi, manhaja ta rubuta shi a matacce, kuma babu mai shigowa daga can. Shi ya sa unguwar Hayin Banki, da ke kusa da gefe, ta fito fes, kamar sauro mai jure magani bai san hanyarta ba. Tsohon gidan sauro za a kai musu.

"Innalillahi!" Dakta ya dafe kai, ya zauna a kujerar da ba tasa ba. "Mu bakwai muka sa hannu a rahoton nan."

"To ranka ya daɗe, sauro katin zaɓe gare shi da zai tsaya a ƙaramar hukumarsa?"

Mutum bakwai, jama'a! Kowanne ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce na gabansa ya duba. Wannan sakaci shi muke kira ƙwarewa, har mu yi masa taro da lemo. Da aka faɗaɗa taswira aka sake gwaji, rahoto ya makara mako guda, Hayin Banki kuma ta fito ta farko a jerin.

Ke ce kika tsaya, Mama Kande, ranar da kowa ke sauri. Ke ce mai duba bayan ɗaki. An buga rahoton babu sunanki, ƙarshen watan nan kuma za ki yi ritaya, iyayen Hayin Banki ba su ma san akwai ki ba.

Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma masu sa hannu, kafin ku zaro biro ku leƙa gefen taswira. Akwai unguwa a can, akwai yara suna kwana a cikinta.