Malafar Baba a Hannun Mai Guga

"Alhaji, ka ga yadda take ɗaukar ido?" in ji Sale mai guga, yana miƙo min malafar gashi da marigayi Baba ya bar min. Kakkaɓewa kawai na sa shi, ya danna mata dutsen guga har ta koma kamar shadda. Ga ɗaurin auren ɗana gobe a Ƙarfi.

Na ce, "Sale, ita wannan ba a son ta da ƙyalli."

Ya ce, "To don me ake sayenta?"

Hajiya ta turara ta a kan tukunyar miya, ta bi ta da burushi mai laushi. Ƙyalli ya tafi, ƙamshin daddawa ya zauna.

Jama'a, wanne ya fi wa uban ango, walƙiya ko ƙamshin miya?