Ranar da Na Yi wa Saja Ƙarfe Tsage

Ko da na manta shekaruna, ba zan manta da ranar da aka zo kama Malam Bitrus saboda aikin hannuna ba. Da daminar 1983 ne, gari ya ɗauki zafin siyasa, ina mai gyaran fim a wata 'yar maɗaba'a a unguwar Limanti. Ku 'yan kwamfuta ba ku san fim ba. In an kawo zane sai a ɗauke shi hoto a baƙin fim, ni kuma in zauna da allura da jan fenti. Inda na shafa fenti ya ɓace, inda na karce da allura ya fito baƙi a takarda. Aji huɗu na yi, amma duk mai digiri sai ya bi ta ƙarƙashin allurata.

Malam Bitrus malamin zane ne a sakandare, mutumin kudancin Borno, ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi. Duk wata yana kawo mana zane mu buga masa mujallar labarin Saja Ƙarfe, ɗan sandan da aka ƙera da ƙarfe a wani birni can cikin taurari. Ba ya ci, ba ya barci, ba shi da ɗan uwa balle a yi masa magana ta wajensa. A fitowa ta bakwai, 'yan majalisar birnin suka ƙulla su sauya masa ƙwaƙwalwa kafin zaɓe, shi kuwa ya riga su, ya sa wa shugabansu ankwa.

Da na ɗora fim a kan fitila, sai na ga fuskar Saja fayau kamar bayan tasa. Na ce, jarumi haka ba asali? Ni Bafulatani ne, kun san tsakaninmu da Barebari sai tsokana. Na ɗauki allura na ja masa tsagen Barebari a kumatu, kowane shafi, ina dariya ni kaɗai. Aka buga, aka raba.

Kwana uku sai ga Sufeto Modu, shugaban ofishin 'yan sandan unguwa, Babarbare mai tsage har kunne, da mujallar a hannu. Wani sakataren jam'iyya ya kai ƙara cewa malamin nan ya zana Sufeto, ya mai da Barebari ƙarfen da ba zuciya, kuma shugaban da Saja ya kama ai na jam'iyyarsu yake nufi. An riga an ɗauko Malam Bitrus daga aji an taho da shi, da alli a hannunsa. In takarda ta isa ma'aikatar ilimi, aikinsa ya tafi.

"Malam, wannan fuskar wa ce?" in ji Sufeto.

"Ranka ya daɗe, ban zana haka ba."

"To aljani ne ya zana?"

Malam ya san hannun wa ne. Ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, bai tona ni ba. Wannan rufin asirin ne ya taso ni daga bayan inji.

Na gaishe shi da yarensu na ce, "Wushe, Yallaɓai. Aljanin ga shi. Jauro sunana."

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Bafulatani?"

"Na gaske."

"Kai! Wa ya fito da kai daga bayan shanu ya ba ka allura?"

"Yallaɓai, na ga bawan Allah ba ya jin magana, ba ya sauya ra'ayi, kai kamar dutse. Na ce danginsa na nan gari, bari in haɗa su."

Kuratan da ke bakin ƙofa suka juya baya, kafaɗu na motsi. Sufeto ya zauna a kan tarin takarda ya karanta mujallar daga farko har ƙarshe, muna tsaye. Sannan ya tambayi Malam, "Sajan nan yana karɓar na goro?"

"Ko kusa."

"Yana tsoron manya?"

"Ba a sa masa tsoro ba, Yallaɓai."

"To namu ne." Ya juyo kaina. "Amma kai akwai laifinka. Ina tsagen goshi? Haka ake barin ɗan mutane rabi da rabi? Fitowa ta gaba in ga an cika." Game da sakatare kuwa ya ce, wasa ne tsakaninsa da bawansa Bafulatani, wanda ya ga kansa cikin ankwa shi ya san abin da ya yi.

Malam Bitrus ya koma aji. Wata guda bai gaishe ni ba, kuma yana da gaskiya. A fitowa ta takwas ya kawo zane, Saja da tsagensa a kumatu, goshi fayau. Ya ajiye min a tebur ya ce, "Baba Jauro, aikin Sufeto."

Abin da na koya, layi ɗaya ne, amma ana duba hannun da ya ja shi. A hannuna wasa ne, a hannun Malam ya kusa cin aikinsa. Daga ranar ban ƙara taɓa zanen mutum ban tambaye shi ba. Na goshin nan kuwa na ja shi miƙe sambal, don umarnin hukuma ne.